Yadda za ka fara aikin sa kai a gidan kula da karnuka da magunan da aka yasar

Da farko dai ka cire wa ranka cewa wasa za ka je yi da ƴan kwikwiyo. Yawancin aikin shara ne da wanke keji da kwashe kashi da cika kwanon ruwa, kuma wallahi shi ne abin da dabbobin nan suka fi buƙata. Irin gidajen nan ba su da yawa a ƙasar nan, in ba ka san ko ɗaya ba ka je asibitin dabbobi mafi kusa ka tambayi likita, su suka san masu tsintar dabbobi suna riƙewa. In kana Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na ABU.

Kafin ka taɓa ko jelar kare, ka yi maganar allurar rigakafin haukan kare da ta tetanus. Wannan ba abin wasa ba ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamu sun bayyana to sai dai addu'a. In kare ya cije ka ko mage ta yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15 sannan ka wuce asibiti a ranar, kar ka tsaya shafa toka ko jiran gobe. Ka kuma tambaya ko su dabbobin an musu tasu, ai cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin ta karnuka.

Ranar farko ka sa tsofaffin kaya da rambut da safar hannu. In ka shiga wajen karen da bai san ka ba kar ka tsare shi da ido, kar ka miƙa hannu ta saman kansa, ka ɗan juya gefe ka durƙusa ka bar shi ya zo ya shinshine ka da kansa. Akwai wata karya da aka tsinto da shatin igiya a wuyanta duk ya ci fata, sati biyu ina ajiye mata abinci ina zama nesa ban ce mata komai ba, rannan kawai ta taso ta kwantar da kai a kan takalmina, har yau in na tuna sai na ji wani iri a raina. Shi ya sa nake cewa gara ka riƙa zuwa awa biyu duk Asabar ba fashi da ka yini sau ɗaya ka ɓace.

Abinci kuwa kar ka ba da komai sai ka tambaya. Albasa da tafarnuwa da cakulan guba ne gare su, ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya huda hanji, madarar shanu tana sa mage zawo, farasitamol kuma kashe ta yake yi. Haka Dettol da Izal, kar a wanke ɗakin maguna da su, bilic da aka sirka da ruwa ya fi, a ɗauraye a bari ya bushe. In ka ga ɗan kwikwiyo yana amai da zawo mai jini ka gaya wa likita nan take a ware shi, wataƙila fabo ce, wata cutar karnuka mai yaɗuwa, kuma tana bin takalmi ta shiga wani kejin. Mai juna biyu kuma ta bar wa wasu kwashe kashin mage.

Na san wani zai ce to tsarki fa? A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi kare mai rai ba najasa ba ne, kashinsa da fitsarinsa ne najasa, don haka ka tafi da kayan canji a leda saboda sallah. In kuma gidanku ba za a yarda ba, kana iya kai tsoffin tawul da buhun abinci, ko ka ɗauki hotunansu ka sa a WhatsApp ko Allah zai sa a samu mai riƙo.