Yadda zaka koyar da 'yan Chana Italiyanci har bakinsu ya buɗe

Duk wanda ya iya Italiyanci kuma yana neman ɗalibai to ya waiwaya wajen 'yan Chana, dan gaskiya suna nema kuma da gaske suke, ba irin wanda zai zo darasi biyu ya ɓace ba. A jarabawar gaokao da suke yi ta shiga jami'a mutum zai iya zaɓar Turanci ko Rashanci ko Jafananci ko Faransanci ko Jamusanci ko Sifaniyanci, amma babu Italiyanci a ciki, kenan mafi yawan wanda zai zo wajenka daga sifili zai fara, kuma lokaci ya ƙure masa.

Kafin ka buɗe littafi ka fara tambayarsa me zai yi da yaren, dan amsar ce zata tsara maka komai. Da yawa 'yan shirin Marco Polo ne, wanda ya fara aiki a 2006 dan masu shiga jami'o'in Italiya, ko kuma Turandot da aka ƙaro a 2009 dan masu karatun waƙa da kiɗa da zane. Waɗannan ana basu biza su zo tun basu iya yaren ba, su yi kwas na wata 10 ko 11, sannan dole su kai aƙalla matakin B1, wato matsakaicin mataki a ma'aunin iya yare na Turai, kafin su shiga makaranta. Ka duba fa, ƙasa da shekara ɗaya, daga bai san komai ba zuwa zama a aji a jami'ar Politecnico ta Milan ko makarantar zane ta Brera yana jin malami na zuba kamar ruwa. Irin wannan ɗalibin tun satin farko ka tambaye shi wace jarabawa zai zauna, CILS ta Siena ce ko CELI ta Perugia ko PLIDA ta ƙungiyar Dante Alighieri, ka nemo tsoffin takardun tambayoyinta ku riƙa bi.

Akwai kuma mazauna Italiya, wajen mutum 300,000, yawancinsu 'yan lardin Zhejiang ne musamman yankin Wenzhou, masu ɗinki a garin Prato da masu shaguna a titin Paolo Sarpi na Milan da unguwar Esquilino a Rum. Su matakin A2, wanda ke ƙasa da B1, suka fi buƙata dan samun takardar zama ta dogon lokaci. B1 kuma tun ƙarshen 2018 shi ake nema wajen zama ɗan ƙasa, amma da yake Chana bata yarda da riƙe fasfo biyu ba da yawansu a takardar zaman suke tsayawa. Wanda ya wuni akan keken ɗinki kar ka zo masa da dogon nahawu da daddare, ka koya masa abin da zai faɗa a ofishin 'yan sanda wajen sabunta takarda, da gaban likita, da wajen malamar ɗansa.

To yanzu ga ainihin aikin, kuma nan ne nake ganin malamai da yawa suna kuskure. Ɗan Chana ka bashi jadawalin aikatau yau, gobe zai kawo maka shi a haddace tsaf, takardarsa ta yi kyau kai ma ka ji daɗi, amma ka ce masa yi min magana sai ya yi shiru. Shi yasa ni nake cewa satuttukan farko ka kashe su akan kunne da baki. A Sinancin Mandarin bambancin b da p ba na rawar maƙogwaro bane, na fitar iska ne, haka d da t, haka g da k, dan haka kunnensa baya jin bambancin basta da pasta. Na taɓa zama da wata ɗaliba mai ƙoƙari sosai, muka yi ta juya quando da quanto, wato yaushe da nawa, ina faɗa tana nuna wanda taji a takarda, rabi daidai rabi kuskure, har na ce ta ɗora yatsunta akan maƙogwaronta ta ja sautin d ɗin a hankali, sai taji yana rawa, ta ɗago ta kalle ni tana murmushi, daga ranar abin ya fara zama. Ka haɗa da 'yar takarda a gaban baki, in ya ce pane takardar ta yi sama to iskar ta yi yawa. Abin sha'awa 'yan Wenzhou yaren gidansu yana da waɗannan sautukan, sukan fi saurin kamawa.

Sai r, wadda take zame musu l, mare teku ya koma male ciwo. Kar ka matsa masa ya kaɗa harshe rana ɗaya, ka fara da kalmomin da t ko d ke gaban r ɗin kamar tre da treno, minti biyar kullum ya isa, wani sai bayan watanni take fito masa. Baƙi mai nanatuwa ma haka, nono da nonno, sete da sette, pala da palla. Mu wannan bai mana wuya ba tunda ba wanda zai haɗa kule da kulle, amma su babu shi kwata-kwata a yarensu, sai ka sa su tafa hannu ko su ɗan tsaya akan baƙin kafin su sake shi. Ka kuma lura da pinyin, rubutun boko da suka saba da shi, dan c da q suna da wani karatu daban a can, in baka warware wannan da wuri ba zai bi su har jarabawa.

Nahawu kuma ka tuna daga ina ya taso. Aikatau a Sinanci baya canza siffa, ko ni ko kai ko su ne mai aikin, aikataun ɗaya ne, jiya da gobe ma haka, babu namiji da mace a sunaye, babu il babu la, kuma a baki shi da ita duk "ta" ake cewa, shi yasa zaka ji yana maganar mamansa yana cewa lui, wato shi. Kar ka taɓa bashi kalma tsirara, ka bashi la casa, il libro, a haɗe kamar abu ɗaya. Mai jin Hausa yana da sa'a a nan, dan mun san kalma mai ƙarewa da a galibi mace ce kamar riga da mota amma gida da ruwa suka fita zakka, to haka il problema da la mano suke, zaka iya bayaninsa daga abin da ka sani a jikinka. Passato prossimo, wato siffar aikin da ya wuce ya kammala, suna kama shi da sauri in ka danganta musu shi da 'yar kalmar nan tasu "le" mai nuna aiki ya kammala, imperfetto, siffar abin da ake yi ko aka saba yi a da, shi ke buƙatar labarai da yawa, ka sa shi ya baka labarin gidan kakarsa lokacin yana yaro.

Shirun da suke yi a aji ba rashin ganewa bane ko raini, girmama malami ne da tsoron jin kunya gaban abokai. In ka tambaya kun gane kowa zai gyaɗa kai, to daina wannan tambayar, ka haɗa su biyu-biyu su yi ciniki ko neman ɗakin haya, gyaran da ya shafi mutum ɗaya kuma ka aika masa shi kaɗai. Saƙon murya na minti ɗaya kullum yana aiki sosai, wanda baya iya magana a aji zaka sha mamakin abin da zai turo maka daga ɗakinsa. Masu waƙar opera kuma ka raba musu abu biyu, Italiyancin baitocin da suke rerawa tsoho ne, ba da shi ake magana a titi ba, kowanne da lokacinsa.

Wajen samun ɗaliban, in suna cikin Chana ka manta da WhatsApp da Facebook da YouTube dan a toshe suke, WeChat ne komai nasu, sai Xiaohongshu da Bilibili inda ake saka gajerun bidiyo na darasi. In kana son makaranta ta ɗauke ka to ka nemi satifiket na koyarwa, DITALS ta Siena ko CEDILS ta jami'ar Ca' Foscari a Benis ko DILS-PG ta Perugia. Sannan ka lissafa agogo da kyau kafin ka yi alƙawarin darasi, Chana tana gaban Italiya da awa 7 lokacin sanyi, awa 6 lokacin zafi, kenan ɗalibin da yake so ƙarfe 8 na dare a Bejin kai a Milan ƙarfe 1 ko 2 na rana zaka zauna masa.