Ƙanzon tukunya: yadda ake haɗa kundin waƙoƙin da suka yi saura

Ina da ɗan shago a Tudun Wadar Kaduna inda nake juye kaset a kwamfuta: wa'azi, biki, wani lokaci muryar mamaci da 'ya'yansa ke son adanawa. Kwanakin baya wani abokina na ƙuruciya ya dire mini kwalin taliya cike da kaset, ragowar ƙungiyar jita da ganga da suka yi suna samari. Ya ce in kwashe duka in zuba masa a faifai ɗaya. Na ce, "Mutumina, ƙanzo ka kawo. Yana da daɗi, amma sai an kankare shi da dabara."

Dabarar a wurin masu kiɗan pank na koye ta, kiɗan nan mai sauri da hayaniya da ya tashi a New York da Landan a tsakiyar shekarun 1970. Su a ƙaramin faifai mai inci 7 suke fitar da waƙa, irin wanda kamfanin RCA Victor ya fara yi a 1949, mai juyi 45 a minti. Gefen A na waƙar da ake so rediyo ya sa ne. Gefen B kuwa abin da suka ga dama: gwaji, wasa, ko waƙar wani da suka sake rerawa. In shekaru sun taru sai a tsinto na gefen B da waɗanda ba su taɓa fita ba, a yi musu kundi guda. Ƙungiyar The Clash ta yi haka a 1980 da waƙa 9 a kundin Black Market Clash, a 1993 aka faɗaɗa shi ya kai 21.

Kafin ka kunna komai, ɗauko littafi da biro. Ba wa kowane kaset lamba, ka rubuta abin da ke jikinsa yadda yake, har da kuskuren rubutu. Sannan ka ɓalle 'yan harsunan robar nan biyu da ke saman kaset. In babu su, maɓallin ɗauka ba ya dannuwa. Ban yi haka ba wata rana, yatsana ya zame, na shafe baiti guda da tarin kaina. Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Duba zaren ta tagar kaset. Kaduna tana cin kaset ta hanya biyu: ƙurar hunturu ta shiga, laimar damina ta kawo fumfuna. Wanda ka ga fari-fari a zarensa ka ware shi gefe, kada ya shafa wa sauran ta kan rikoda. Sauran ka zura musu biro mai kusurwa shida ka ɗan juya, ka ji ko zaren ya cije. Ka leƙa ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren a tsakiya, don in ya faɗi murya za ta fito kamar daga cikin rijiya. Ana ciro wani daga mataccen kaset a liƙa.

Rikoda kuma, tsohuwa mai kyau ta fi sabuwa mai araha. Tawa a Panteka na tsince ta, bel kawai na sauya mata. Goge kanta, wato ɗan ƙarfen da ke karanta zare, da tayar robar da ke jan zare da auduga da sifirit, ka bari ya bushe. Akwai ɗan kusa a gefen kan, shi ke daidaita yadda kan ke kallon zare. Kunna kaset, ka murza shi a hankali da ƙaramar sukundireba har ka ji ƙarar farantin ƙarfe na mai ganga ta fito tas. Kowane kaset da nasa saitin, domin ba rikoda ɗaya ce ta ɗauke su ba. Nan ne aikin yake cin lokaci, nan ne kuma masu gaggawa ke tsallakewa.

Haɗa waya zuwa kwamfuta, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Ajiye a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, ko da a ƙarshe MP3 za ka tura wa mutane ta WhatsApp. Kada allurar da ke auna ƙarfin sauti ta taɓa ja. In janareta ke aiki kuma kana jin gurnani a ƙasa-ƙasa, cire cajar laftof ka yi da batirinta. Amma rikodar kada ka yi ta da batiri mai rauni, zai ja waƙar ta yi nauyi.

Ga inda muka yi gardama da abokina. Shi so yake in wanke komai: huci (shuu ɗin nan na kaset), tari, dariyar mai ganga da ya ɓata shiga. Na ƙi. In ka matsa wa na'urar cire huci, tana cinye kaifin jita, murya ta koma kamar ana magana a cikin gwangwani. Na rage kaɗan, na bar dariyar. Wanda zai nemi irin wannan kundi ya riga ya san waƙoƙin da aka gyara, abin da yake so shi ne ya ji ɗakin da aka yi su. Ƙungiyar NOFX ma da ta fitar da nata a 2002, a sunan kundin ta faɗa ƙarara cewa waƙoƙi ne da ba su kai a sa su a sauran faifanta ba.

Barin huci daban, zuba shara daban. Waƙa ɗaya da aka ɗauka sau biyar, zaɓi wadda ta fi rai, ko da a cikinta aka yi kuskure. Faifan CD minti 80 yake ɗauka, amma ba dole ka cika shi ba. Mu daga kaset 23 waƙa 14 muka tsira da su.

Jeri yana da hanya biyu. Ko ka bi shekaru a ji yadda hannu ya nuna, ko ka yi irin na ƙungiyar Buzzcocks a 1979: waƙoƙin gefen A guda 8 a fuska ɗaya, abokan tafiyarsu na gefen B guda 8 a ɗaya fuskar. Mu shekaru muka bi, sai dai na sato mafi zafi na sa ta a farko.

Kowace waƙa ka rubuta mata layi biyu: inda aka ɗauka, wa ya buga me, me ya hana ta fita. Abin da aka manta a bar shi fili, kada a ƙirƙira. Kuma ka nemi izinin duk wanda hannunsa ke ciki a rubuce, musamman in akwai waƙar wani, don Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ba ta san abota ba. Mai gangarsu yanzu yana sayar da taya a Kawo. Da muka kai masa takarda sai ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ji. Muka sa masa a waya, aka zo kan dariyar nan tasa, ya ce a mayar baya.