Shawara Ga Abokan Da Za Su Yi Hutu Tare A Baƙon Birni

'Yan uwa, idan kuna shirin tafiya hutu da abokai zuwa birnin da ba ku sani ba, ku lura cewa kuɗi da lokaci ne suka fi haddasa saɓani. Tun kafin ku tashi, ku yanke abin da kowa zai iya kashewa a rana ba tare da ya takura ba, sannan ku ɗora wa mutum ɗaya riƙon kuɗin mota da na masauki, yana rubuta duk abin da ya fita.

Kowa ya ambaci wuri guda da ba zai so ya koma gida bai gani ba, sai ku haɗa wuraren da ke kusa da juna a yini ɗaya, domin kai-komo tsakanin unguwanni masu nisa shi ke cinye rana. Ku kuma bincika ranakun buɗewa, saboda gidajen tarihi da dama suna rufewa ranar Litinin.

Ku sauke taswirar birnin a Google Maps, tana aiki ko babu intanet, kuma kowa ya riƙe adireshin masauki a takarda, don caji yana ƙarewa. A ganina, ya dace ku bar yammaci ɗaya babu tsari, wanda ya gaji ya huta, mai son yawo ya fita.