Yadda Ake Magance Saƙon ORA-00942 a Manhajar Kamfani

A ofisoshin Damagaram da ke ajiye lissafin kaya da na albashi a rumbun bayanai na Oracle, saƙon ORA-00942 yakan tsayar da aiki cak, yana cewa babu jadawalin da aka nema, wato teburin da ake jera bayanai a cikinsa. Sau da yawa jadawalin yana nan daram, izinin ganinsa ne ma'aikacin ba shi da shi, domin wannan saƙo ɗaya ne ke fitowa ko abin ya ɓace ko an hana ganinsa. Saboda haka a fara tambayar mai kula da rumbun ko ya ba asusun ma'aikacin izinin SELECT, wato izinin karanta jadawalin.

Idan izini ya cika, a duba sunan, domin jadawalin wani asusu sai an rubuta sunan mai shi a gabansa, ko a yi masa laƙabi da umarnin CREATE SYNONYM.

Bayan nan mai kula ya bincika DBA_OBJECTS, wato jerin duk abubuwan da ke cikin rumbun, domin wataƙila an sabunta manhajar a sabar gwaji (kwamfutar da ake gwada manhaja a kai) ba a kai jadawalin sabar aiki ba. Idan kuwa share shi aka yi, umarnin FLASHBACK TABLE yakan dawo da shi, matuƙar ba a yi PURGE ba, wato share shi kwata-kwata.