Idan SpamAssassin, Manhajar Tace Wasiƙun Banza, Ya Sandare A Kan Saba (Server)

Da farko buɗe rahoton wasiƙu (mail log), ka ga daidai inda spamd, wato ɓangaren SpamAssassin da ke tace saƙonni a bayan fage, ya cije. Sannan ka buga spamassassin -D --lint don duba ƙa'idojin tacewa, domin ƙa'ida guda mai kuskure ta isa ta dagula komai.

Galibi dai DNS, wato tsarin nemo adireshin sunayen intanet, shi ne mai laifi. Idan amsa ta makara, kowane saƙo yakan jira har daƙiƙa 15, kafin ka ankara layi ya taru. Girka Unbound, manhajar DNS mai adana amsoshi, a kan sabar kanta don amsa ta riƙa zuwa da wuri.

Sai Bayes, ɓangaren da ke koyon gane wasiƙun banza daga kalmominsu: share tsoffin kalmomi yakan kulle ma'ajiyarsa ana tsakiyar tacewa. Saka bayes_auto_expire 0 cikin local.cf, fayil ɗin saituna, don hana sharewar ta atomatik, ka bar wa cron, mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, ya yi ta da sa-learn --force-expire da daddare.

Kada ka ɗaga --max-children, wato yawan saƙonnin da spamd ke tacewa a lokaci guda, sama da 5 matuƙar RAM bai wadata ba. Sai ka sake tayar da spamd.