Maganin barci ta jijiya a ɗakin kulawa mai tsanani (ICU): kurakuran da aka fi yi

Kwana nawa za a iya ba majinyaci maganin barci ta jijiya ba tare da ya cutu ba? Masu neman a yanka musu adadin kwanaki guda da zai hau kan kowane magani ba za su samu ba. Kowane magani da lokacin da yake fara cutarwa, shi ya sa ake sake duba buƙatarsa kowace safiya.

Babban kuskure shi ne nutsar da majinyaci cikin barci fiye da kima. Yana kan na'urar numfashi, ya yi lamo, ba ya fizge bututu, ma'aikatan dare sun sarara, sai a ce an samu sauƙi. Alhali kwanakinsa a kan na'urar ƙaruwa suke yi. A shekarar 2000, John Kress da abokan aikinsa a Shikago sun nuna cewa dakatar da maganin sau ɗaya kullum har majinyaci ya farka ya rage zama kan na'ura daga kwana 7.3 zuwa 4.9. Don haka a rubuta matakin da ake nema a ma'aunin zurfin barci na RASS, galibi 0 zuwa -2, wato a kira sunansa ya buɗe ido. Kuma a fara da maganin ciwo, domin sau da yawa zogi ne ke sa mutum fizge-fizge.

Propofol ne ya fi yaudara, saboda da an tsayar da shi mutum ke farkawa. Amma idan aka wuce miligiram 4 a kan kowane kilo na nauyin majinyaci cikin awa, har aka haura awa 48, yana iya jawo tsamin jini, lalacewar tsoka, hauhawar potasiyam da gazawar zuciya. Mutuwa ake yi. A rana ta uku, kar a tsaya kallon famfon da ke tura maganin cikin jijiya kawai: a auna kitsen jini, a duba hoton bugun zuciya, a rage ko a canja magani. Wani abin da ake mantawa, farin ruwan nan na propofol kitse ne, kalori 1.1 a kowace mililita, dole ya shiga lissafin abinci. Kwalba da igiyarta kuma a sauya su duk awa 12, don ƙwayoyin cuta na son sa.

Midazolam taruwa yake yi a jiki, musamman in ƙoda ta raunana. A tsayar da shi yau, mutum ya yi kwanaki bai farka ba, dangi su zaci ƙwaƙwalwa ce ta taɓu. Yana kuma ƙara ruɗewa da sambatu.

Dexmedetomidine kuwa, kuskurensa ta ɗaya gefen ne: a cire shi da zarar awa 24 ta cika don abin da Amurka ta amince da shi ke nan a 1999. Turai ta ba shi lasisi a 2011 bayan an gwada shi har kwana 14. Abin sa wa ido shi ne saukar bugun zuciya da faɗuwar jini.

Wanda ya yi mako guda kan midazolam ko maganin ciwo na mofin, kar a yanke masa farat ɗaya. Gumi, karkarwa, har da jijjiga na iya biyowa. A hankali ake janyewa.

Dakatarwar kullum ma ba ta kowa ba ce. Mai tetanus, ciwon da ke sandarar da tsoka, wanda har yanzu ake kawowa asibitocinmu, yakan yi makonni kan diazepam ko midazolam. Shi da mai farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, da mai kumburin ƙwaƙwalwa, da wanda aka ba maganin sassake tsoka, ba a taɓa famfonsu sai da izinin babban likita.