Yadda za ka tace magana kafin ka tura ta, bisa ma'aunin Buddha

Buddha, malamin da addinin Buddha ya samo asali daga koyarwarsa, ya rayu a arewacin Indiya kusan shekaru 2,500 da suka wuce. Cikin matakai takwas da ya koya wa almajiransa, na uku shi ne gyaran harshe: barin ƙarya, annamimanci, zagi da surutun banza. Ni ba mabiyinsa ba ne, amma ina aron ma'auninsa idan gardamar siyasa ta yi zafi a rukunin WhatsApp na danginmu.

Rubuta amsarka, amma kada ka tura. Ajiye wayar, ka ja numfashi a hankali har ka ji kafaɗunka sun sauka. Sannan ka auna ta da sharuɗɗa biyar da Buddha ya gindaya. Gaskiya ce? Lokacinta ya yi? Da laushi ka faɗe ta? Za ta amfani wani? Da kyakkyawar niyya?

Na biyun ne ke kayar da mutane. Abin da za ka gaya wa kawunka game da ɗan takararsa yana iya zama gaskiya tsantsa, amma a gaban 'ya'yansa, da ƙarfe 11 na dare, cin fuska ne. Bari sai gobe ka kira shi: "Kawu, barka da hantsi, akwai abin da nake son mu tattauna."

Buddha bai hana magana mai ɗaci ba, in dai gaskiya ce mai amfani kuma ta zo a kan kari. Idan da maiɗakinka ce, cire "kullum" da "ba ki taɓa" daga bakinka, ka ambaci abu ɗaya tak da ya faru jiya.